ZARE: Wa ya ce a saka mazaunin kofi 14 a cikin Sienna? Tarihin aljihunan mota

1/
Sienna ƙirar 2004 ɗin nan da kuke gani a tasha tana lodin Kano zuwa Abuja, akwai wurin ajiye kofi da gora har 14 a cikinta. Kujerunta kuwa bakwai ne ko takwas. Kusan kowane fasinja rami biyu ke nan. Wa ya ce a yi haka? Wa ya kalla kafin ya ce? Zaren da tsawo, ku gyara zama 🧵

2/
Ni ɗalibin injiniyanci ne, wannan zangon muna da kwas kan tsara kayan amfani. A nan na haɗu da abin da ake kira dizain tinkin. A taƙaice dai: kafin ka zana abu, je ka zauna da wanda zai yi amfani da shi, ka ga inda yake shan wahala, ka haɗa ɗan samfuri, ka gwada, ka gyara, ka sake gwadawa.

3/
Yawanci da manhajar waya ake kawo misali. Ni kam aljihunan mota sun fi kama hankalina. Ƙarfin inji kana iya lissafa shi a takarda ba ka fita ofis ba. Amma girman aljihun ƙofa fa? Dole sai ka san me direba ke riƙe da shi a hannu lokacin da zai shiga mota, da inda yake jefa shi in ya zauna.

4/
Mu fara daga doki. Kalmar dashbod ta girmi mota. A keken doki na Turawa, wani allo ne na katako ko fata da ake kafawa gaban mai tuƙi don ya tare taɓon da kofaton doki ke watsowa. Da aka cire dokin aka saka inji, allon ya zauna, sunan ma ya zauna.

5/
But ma haka. Motocin farko ba su da shi. Adaka ce ta gaske ake ɗaurewa da igiyar fata a bayan mota, shi ya sa har yau Amurkawa da sunan adaka suke kiran but a turancinsu. Sai wajen shekarun 1930 aka saba gina shi a jikin motar.

6/
Ɗan aljihun da ke gaban fasinja, inda babanku ke ajiye takardun mota, sunansa a Turance akwatin safar hannu. Dalili: motocin wajen 1900 a buɗe suke, ba abin ɗumama ciki, da hannu ake murza inji ya tashi, kuma a hanya sai ta lalace ka sa hannu cikin baƙin mai. Direba ba ya fita ba safa.

7/
Akwai wata Baturiyar Ingila, Dorothy Levitt, 'yar tseren mota. A 1906 ta yi gudun kusan kilomita 146 a sa'a a Blackpool, wanda babu macen da ta kai shi a lokacin. A 1909 ta fitar da littafi mai suna The Woman and the Car, tana koya wa mata tuƙi da gyara.

8/
A ciki ta lissafa abin da ya kamata mace ta ajiye a durowar da ke ƙarƙashin kujera: safar hannu, hankici, hoda, fil ɗin gashi, cakulan, da ɗan madubin hannu don ta riƙa ɗagawa tana ganin abin da ke bayanta. Lokacin madubin ganin baya bai zama ruwan dare ba. Ta ce mai tafiya ita kaɗai ta haɗa har da ƙaramar bindiga 😅

9/
Abin da ya sa na tsaya a kan jerin nan: wannan direba ce da kanta take faɗin me ke cikin motarta da amfanin kowanne. Shekara ɗari bayan haka, wani babban kamfani zai tura masana ƙasa-ƙasa su tattaro irin wannan jerin. Za mu zo wurin.

10/
Ford Model T ta fito a 1908. Mota ce tsirara, ba ta zo da wani abin kirki na ajiya ba. Nan take kasuwar kayan ƙari ta buɗe: akwatin kayan gyara da ake ɗaurewa a matakalar gefe, ragar ɗora kaya, gwangwanin fetur da na ruwa. Ku riƙe wannan: duk abin da mutane ke saya su liƙa wa mota da kansu, alama ce ta wurin da mai ƙera ta bai duba ba.

11/
Wanda na fi so a tsofaffin labaran shi ne na Citroën 2CV a Faransa. Tsakiyar shekarun 1930, manoman ƙasar da yawa da keken doki suke kai kaya kasuwa. Shugaban kamfanin, Pierre-Jules Boulanger, ya ba injiniyoyinsa umarni da harshen kaya: motar ta ɗauki manoma da amfanin gona kilo 50, kuma ta ratsa gonar da aka yi wa huɗa da kwandon ƙwai ba wanda ya fashe.

12/
Kun ga bai fara da gudu ko kyau ba. Ya fara da ƙwai. Daga nan komai ya biyo: sifirin mai laushi, kujerun da ake ciro su gaba ɗaya, rufin tamfol da ake naɗewa har baya don dogon kaya ya leƙo waje. Yaƙin duniya na biyu ya tsayar da aikin, sai 1948 aka nuna ta. An yi ta ƙera ta har 1990.

13/
A Amurka kuwa labarin ya bi ta ciki ne, ina nufin tumbi. Shekarun 1950 aka yi yayin gidajen abinci da na sinima da kake zama cikin motarka. Ma'aikaci ya kawo tire ya rataya a gilashin ƙofa. Masu ƙera mota suka fara yin 'yan zagaye marasa zurfi a bayan murfin aljihun gaba, in ka buɗe ka ɗora kofi. A tsaye kawai yake aiki, kana motsawa ya kife.

14/
Ɗan ratse: Cadillac Eldorado Brougham ta 1957, dala 13,074, kuɗin da ya fi na gidaje da yawa a lokacin. A aljihun gabanta akwai kofunan ƙarfe shida masu maganaɗisu a gindi don su manne, motar kuma ta zo da janbaki, akwatin sigari da turare. Wannan kam ba bincike ba ne, nuna arziki ne kawai.

15/
Abin da ya canza lissafi shi ne sayen abinci ta taga ka wuce. McDonald's ta buɗe tagarta ta farko a 1975 a Sierra Vista, jihar Arizona, saboda sojojin barikin da ke kusa an hana su fita daga mota da kayan aiki a cikin gari. A 1976 shagunan 7-Eleven suka fito da kofin lemo mai ɗaukar kusan lita guda.

16/
To yanzu ga direba da kofi a hannu, mota na tafiya, ba wurin ajiyewa. Me ya yi? Abin da mai Model T ya yi. Ya sayi mazaunin kofi na roba ya maƙala a bakin gilashi, ko ya matse kofin tsakanin cinyoyinsa. Shekaru aka yi a haka kamfanoni suna kallo.

17/
Nuwamba 1983 Chrysler ta fara fitar da Dodge Caravan da Plymouth Voyager, ƙananan bas na iyali. Hal Sperlich da Lee Iacocca sun so yin irinta tun suna Ford, Henry Ford na biyu ya ƙi, daga baya ma ya kore su ɗaya bayan ɗaya. Motar ta taimaka wajen farfaɗo da Chrysler bayan ta kusa durƙushewa. A dashbod ɗinta akwai rami biyu na kofi, kuma daga ita aka fi fara ƙirga tarihin mazaunin kofi na zamani.

18/
Duk da haka ba kowace mota ta samu ba. Fabrairu 1992, garin Albuquerque a jihar New Mexico. Stella Liebeck, tsohuwa mai shekara 79, tana kujerar fasinja a Ford Probe ta jikanta. Sun sayi gahawa ta taga a McDonald's, jikan ya faka don ta zuba madara da sukari. Motar ba ta da mazaunin kofi.

19/
Ta matse kofin tsakanin gwiwoyinta ta ja murfin, ya kife mata gaba ɗaya. Zafin gahawar da ake sayarwa lokacin tsakanin digiri 82 ne zuwa 88 a ma'aunin Salshiyos. Ta ƙone har nama, kwana takwas a asibiti, sai da aka yi mata dashen fata.

20/
Ta nemi dala 20,000 don kuɗin magani, aka ce za a ba ta 800. A kotu aka gano an sha kai wa kamfanin ƙorafin ƙuna, fiye da sau 700 cikin shekara goma. A 1994 masu taya alƙali yanke hukunci suka ci kamfanin tarar dala miliyan 2.7, alƙali ya rage ta zuwa 480,000, daga baya suka sasanta a asirce.

21/
Za ku ga ana rubutawa wai wannan shari'ar ce ta sa aka fara saka mazaunin kofi. A ganina an zuzuta, tunda Chrysler ta riga ta da shekara goma. Abin da shari'ar ta nuna a fili shi ne, rashin wurin ajiye abu ba ƙaramar magana ba ce. In mota ba ta ba ka wuri ba, jikinka ne zai zama wurin.

22/
Jamusawa sun daɗe suna jan ƙafa. A wurin injiniyansu, mota ta tuƙi ce, mai son shayi ya tsaya ya sha. Amma Amurka babbar kasuwa ce ga motocinsu masu tsada, dole suka bi. Shi ya sa a tsofaffin BMW da Marsandi za ka ga wani siririn abu mai fitowa daga dashbod kamar an yi shi ana fushi, kuma shi ke fara karyewa.

23/
Ana cikin haka mazubin tokar sigari ya fara ɓacewa, daga tsakiyar shekarun 1990, saboda masu shan taba sun ragu a can. Ramin abin kunna sigarin kuwa ya tsira. Shi ne kuke soka caja a ciki yau.

24/
Yanzu mu zo kan kallo a matsayin aiki, wanda kamfani ke biyan albashi a yi. A 1985, kafin Toyota ta yi Lexus, ta kama wa masu zanenta hayar gida a Laguna Beach ta Kalifoniya. Aikinsu su zauna su kalli masu kuɗin Amurka: ina suke cin abinci, ina suke sayayya, yaya suke shiga mota da fita. LS 400 ta fito a 1989.

25/
Jerry Hirshberg, shugaban ofishin zane na Nissan a San Diego, ya ba da labarin wata rana yana kan hanya ya ga mata da miji a gefen titi suna kokawar ciro kujerar baya ta ƙaramar bas ɗinsu, ta wani kamfanin, don su ɗauko sabuwar kujerar falo. Ya tsaya ya yi magana da su. Don fili suka sayi motar, amma filin ba ya samuwa sai an cire kujera.

26/
Daga nan aka samu dabarar ɗora kujerar baya a kan dogo, a tura ta gaba kawai, kamar yadda aka yi a Nissan Quest. Da takardar tambayoyi aka ba mutanen nan, "kun gamsu da filin motarku?", wataƙila "eh" za su zaɓa. Mutum in ya saba da wahala ba ya ƙirga ta a matsayin matsala.

27/
Sai gwanin namu, Yuji Yokoya. Toyota ta ba shi shugabancin injiniyoyin da za su sake Sienna ta 2004. Ta farkon, ƙirar 1998, ana cewa ta yi ƙanƙanta. Shi kuma bai taɓa yi wa kasuwar Arewacin Amurka mota ba. Sai ya nemi abu ɗaya: a bar shi ya tuƙa.

28/
Ya tuƙa mil 53,000, wajen kilomita 85,000, ya ratsa jihohin Amurka, lardunan Kanada da Mekziko, galibi cikin tsohuwar Sienna da motocin abokan hamayya. A Toyota wannan ɗabi'ar sunanta "genchi genbutsu", ma'ana je wurin da kanka ka ga abin da idonka. Mu ai gani ya kori ji muke cewa.

29/
Wasu abubuwan da ya gano na tuƙi ne. Iska mai bugun gefe a kan gadar kogin Misisifi. Titunan Kanada masu tudu a tsakiya da ke jan mota gefe. Lungunan Santa Fe da juyawa ke wuya. Duk an gyara motar saboda su. Amma na ajiya su ne suka kawo mu.

30/
A Japan tafiya gajera ce, ba a cika cin abinci a mota ba. A Amurka ya ga iyali na yin sa'o'i a hanya, a ciki ake karin kumallo, a ciki ake abincin rana, kuma mutum ɗaya kan riƙe kofin gahawa da gorar ruwa lokaci guda. Amsar tambayar farko ke nan: ramuka 14, da ɗan tire kusa da direba da zai ɗora abincinsa.

31/
A garin Ann Arbor kuma wani babban jami'in Toyota ne ya tsaya a filin fakin na Home Depot, babban shagon kayan gini, yana kallon mutane na loda katakon filawud mai ƙafa 4 da ƙafa 8. A Honda Odyssey yana shigewa, a Sienna ba ya shiga. Sabuwar Sienna aka faɗaɗa ta har sai da katakon ya kwanta a ciki aka rufe but.

32/
Yokoya kuma ya lura cewa iyaye ne ke biyan kuɗin motar, amma yara ne ke mulkin kashi biyu cikin uku na bayanta. Shi ya sa gilashin ƙofar tsakiya ke sauka, shi ya sa aljihuna da ramuka suka cika har layi na uku. Fasinjan da ke takure a can baya a hanyar Zariya, kujerar ɗan firamaren Amurka yake kai 😂

33/
Wata tambayar: wa ake kallo? Shekaru da dama maza ke zanawa, maza suke hangowa. Namiji walat ɗinsa na aljihun wando. Mace da jaka take shigowa, ba inda za ta sa ta sai kujerar fasinja, ana taka birki ta zube ƙasa.

34/
A 2004 Volvo ta Suwidin ta nuna wata motar gwaji mai suna YCC a baje kolin motoci na Janiba, wadda tawagar mata ce ta yanke duk manyan shawarwarinta. Sun ɗauke giya da birkin hannu daga tsakiya, filin ya zama ma'aji: sama na makulli, waya da tsaba, ƙasa mai zurfi na jaka, da wurin sanyaya abin sha da kwandon shara.

35/
Kujerun baya a naɗe suke kamar na sinima, sai in za a zauna a sauke, saboda sun lura kaya aka fi ɗorawa a can fiye da mutane. Matashin kai ma an tsaga shi a tsakiya don mai ɗaure gashi a ƙeya. Ba a taɓa sayar da motar ba. Amma ku leƙa motocin yanzu masu birkin hannu na maɓalli da babban rami a tsakiya, za ku ga inda aka dosa.

36/
Binciken da ya fi burge ni ba kamfanin mota ne ya yi shi ba. Intel ce, masu ƙera ƙwaƙwalwar kwamfuta. Genevieve Bell, 'yar Ostireliya mai nazarin rayuwar al'umma, da abokiyar aikinta Alexandra Zafiroglu, suka bi ƙasashe irin su Amurka, Ingila, Ostireliya, Singafo da Maleshiya da wata hanya mai sauƙi. Bell ta rubuta labarin aikin a 2011.

37/
Su roƙi mai mota ya yarda a kwashe komai da ke ciki: aljihun gaba, aljihun ƙofa, ƙarƙashin kujera, but. A shimfiɗa babbar leda a ƙasa, a jera kayan, a ɗauki hoto daga sama. Sannan a bi su ɗaya-ɗaya ana tambaya: mene ne wannan, yaushe ya shigo, me ya sa yake nan?

38/
A Singafo, daga mota ɗaya suka fito da na'urorin sauraron waƙa, kalkuleta, faya-fayan CD, na'urar nuna hanya ta cirewa, laima, sandunan golf, kayan wasan yara, alewa, da ɗan gunkin Buda da mahaifiyar mai motar ta ba shi. Abin da Intel ta koya: mutane na barin na'urorin da aka gina a jikin mota, suna shigowa da nasu.

39/
A Maleshiya da Singafo kuma suka riƙa samun jajayen ambulan na kyautar kuɗi, irin na bikin sabuwar shekarar Sinawa, a aljihun gaba duk tsawon shekara. Dalili: kada ka faɗa biki ba shiri ka shiga hannu rabbana. Bell ta fassara shi da cewa mota na kare mutuncin mai ita, ba jikinsa kaɗai ba. Wannan kowane Bahaushe zai gane shi ba sai an yi bayani ba.

40/
Kada ku ɗauka ƙara aljihu abu ne na kyauta. Cikin ƙofa akwai gilashin da ke sauka, injin ɗaga shi, sifika, da ƙarfen da ke tare bugun gefe. Aljihun gaba yana rabon wuri da jakar iska ta fasinja, wadda ta zama dole a motocin Amurka daga ƙirar 1998, a bayansa kuma sau da yawa matatar iskar esi ce. Kowane santimita sai an yi faɗa a kansa.

41/
Shi ya sa manyan nasarorin ajiya daga ƙasan mota suke zuwa. Honda Jazz ta 2001 an mayar da tankin manta ƙarƙashin kujerun gaba, sai kujerun baya suka samu damar naɗewa sama ko ƙasa. Motar lantarki kamar Tesla Model S ta 2012, da babu inji a gaba, bonet ɗin ma but ne.

42/
Akwai kuma batun rai. Gorar ruwa da ba ta da mazauni tana iya gangarawa ƙarƙashin fedar birki. Abu mai nauyi da aka ɗora a bayan kujerar baya, in an yi karo, da gudun da motar ke yi zai taho kan na gaba. Wayar da ta faɗa tsakanin kujera da giya, direba na lalube yana tuƙi.

43/
Shi kansa sunan dizain tinkin a makare ya zo. Peter Rowe ya sa wa littafinsa sunan a 1987, kuma kan masu zanen gini yake magana. Kamfanin IDEO ya kafu a 1991, makarantar dizain ta jami'ar Stanford ta buɗe a 2005, daga nan abin ya zama yayi. Boulanger da kwandon ƙwansa ya riga su da shekara hamsin.

44/
Ra'ayina, kuma na san wasu ba za su so ba: yawancin bitocin dizain tinkin da ake kira mu a kai, an ɗauki 'yan takardu masu mannewa a bango an bar tafiyar kilomita 85,000. A zauna a ɗakin taro a ƙirƙiro "Malam wane, direba, shekara 40" a yi ta hasashen damuwarsa, alhali tasha na nan ƙasa da tafiyar minti goma.

45/
Mu dawo gida. Yawancin motocin da ke titunanmu 'yan Kwatano ne da Beljiyam, an zana su bayan an kalli wani a Ohayo ko Jamus. Har Fijo 504, da aka riƙa haɗawa a Kaduna har 2006 a masana'antar da ta buɗe a 1975, zanen Faransa ne na 1968. Direbobinmu ne suka ƙarasa zanen da kariya a kan rufi da igiya a bakin but.

46/
Na ɗan gwada kallon nan a tashar da nake hawa mota in zan koma gida hutu. Mazaunin kofin da ke kusa da direba: canji, goro, waya, wani lokaci biro da rasit. Fiyawata ba ta tsayawa a rami mai zagaye in an huda ta, sai dai a riƙe a baki ko a shanye a jefar. Ruwan da muka fi sha a hanya ke nan, kuma ba wanda ya zana masa wuri.

47/
Buta na ƙarƙashin kujera tana ɗiga. Darduma a kan dashbod rana na cinye ta. Takardun mota a cikin leda bayan makarin rana, don a shingen bincike hannu ya kai da sauri. Jarka, igiya, tsumma, ƙaramar fitila. Kowanne yana da wurin da direban ya ƙirƙiro masa, kuma duk direbobin kusan wuri ɗaya suka zaɓa ba tare da sun yi shawara ba.

48/
Ga kuma sabuwa. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, masu haya da yawa na mayar da motocinsu su yi aiki da iskar gas ta CNG. Tukunyar a but ake kafa ta, tana cin fili mai yawa. Direban da kuɗin kaya ke cikin cinikinsa na rana, ya samu sauƙin mai, ya rasa wurin buhu. Ina kayan ke komawa? Cinyar fasinja, kan rufi, ko but a buɗe an ɗaure da igiya.

49/
Wannan nake son in ɗauka a matsayin furojet ɗina na ƙarshe in malamina ya amince, kuma ina neman taimakonku. In kana da mota, ko ta gidanku ce, ko a-daidaita-sahu kake ja: shimfiɗa tabarma, kwashe komai, jera, ɗauki hoto daga sama ka saka a ƙasan zaren nan. Faɗi garinku da irin motar, da inda kowane abu yake zama. Ku rufe lambar mota da duk takarda mai suna ko lambar waya kafin ku ɗora 🙏